Wa Zai Dasa Itace a Gonar Aro?

'Yan'uwa mazauna Potiskum da kewaye.

Mu ba mu ƙi binciken da gwamnati ke yi a kan ruwa da daji da ƙasar noma ba, don mun ga amfaninsa. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ta yaɗa irin geron nan SOSAT mai nuna da wuri, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri. A 2015 aka kafa hukumar tarayya mai dasa shingen itatuwa don tare hamada, Yobe na cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. A Disambar 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 700 na shirin ACReSAL don farfaɗo da ƙasar da ta gaji a jihohin Arewa 19 da Abuja.

To amma akwai tambaya guda da masu binciken nan suke tsallakewa. Suna auna ruwan sama, suna ɗibar ƙasa su kai ɗakin gwaji, suna ƙirga itatuwa. Wanene ke riƙe da fartanya a gonar, kuma a kan wace yarjejeniya yake noma ta? Nan ne gizo ke saƙa.

Da yawa daga cikinmu gonar aro ko ta haya muke nomawa. Malamin gona ya ce ka dasa itace, ka zuba taki, ka haƙa rijiya, ka bar kututturen gawo ya tofo. Shawara ce mai kyau. Sai dai kowa ya sani a al'adance dasa itace a gona tamkar cewa ne gonar taka ce, shi ya sa mai gona ba zai yarda ba. In ka kwashe shekara uku kana zuba taki ƙasa ta yi kyau, ana iya karɓe ta kafin damina. Wane mai hankali ne zai yi wa wani kiwon da ba zai sha nono ba?

Ni kaina na taɓa zama a wani taro inda aka rubuta sunayen manoman da za a ba dashe. Da layi ya zo kan mutanenmu sai aka ce su kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Cikinsu har da dattijon da aka yanke wa cibiya a garin nan, tun kafin a cire Yobe daga Borno a 1991. Hamada ba ta tambayar takardar asali kafin ta cinye gona.

Doka ma ba ta goyi bayan wannan ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce gwamna amana yake riƙe da ƙasa don amfanin 'yan Nijeriya duka. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko inda mutum ya fito, sashe na 43 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili a ko'ina cikin Nijeriya.

Saboda haka buƙatunmu uku ne. Na ɗaya, duk binciken da za a yi a rubuta mai noma gona, ba mai ita kaɗai ba. Na biyu, a fito da takardar yarjejeniyar aro da Hausa, mai shekaru a bayyane, wadda za ta faɗi rabon kowa a itacen da aka dasa, mai unguwa ya sa hannu. Na uku, a daina neman takardar asali wajen rabon iri da dashe.

Ku kuma 'yan'uwa, kada wanda ya ƙara karɓar gona da baki kawai. Ku zo da shaidu biyu, sakatariya za ta rubuta muku kyauta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Sakataren Ƙungiya