Wai muna “ƙasar waje” muna kwasar dala?

'Yan'uwa cikin Kristi, yau sai na faɗa, mai jin haushi ya ji. Da an ce mu 'yan mishan ne a ƙasar waje, sai ku ɗauka dala muke kwasa. Nijar fa muke, wani ƙauye bayan Maraɗi! Ran Lahadi in mun kai ashirin har da yara, mun gode Allah. Ni ne fasto, ni ne mai shara, matata ce ke koyar da yara. Baikon wata guda ba ya sayen buhun gero.

Da naira kuke turo tallafi, da sefa muke cefane. Tun da naira ta faɗi a 2023, ga rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli, ba wanda ya ƙara ko kwabo. Amma ƙarshen wata sai saƙo: “Mutum nawa aka yi wa baftisma? Turo hotuna.” Hotunan wa? Kun manta majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a 2015? In ɗora fuskar sabon tuba a Facebook don a tafa muku?

Kun sa tayil a majami'a, madalla. Kafin dattawa su zauna kan kasafin mishan, wani ya leƙa wurin 'yan canji ya ji farashin sefa.