Daga Okene zuwa Calgary: abin da tafiyar Akim Aliu ta tona game da yaran wasan hoki

A ranar 1 ga Agustan 2025 wata sabuwar ƙa'ida ta fara aiki a Amurka, wadda da wuya a ce ta ja hankalin kowa a wannan yanki namu. Hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, NCAA, ta janye haramcin da ta daɗe tana ɗora wa matasan da suka buga manyan gasannin matasa na Kanada a wasan hoki na ƙanƙara. A da, yaron da ya sa rigar ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi ya shiga fili, ya rufe wa kansa ƙofar buga wa manyan jami'o'in Amurka wasa ke nan, domin hukumar tana ɗaukarsa a matsayin wanda ya riga ya mai da wasa sana'a. Yanzu yana iya tattara kayansa ya koma jami'a.

Wanda yake son ya gane nauyin wannan sauyi, sai ya dubi rayuwar wani ɗan wasan gaba da aka haifa a Najeriya, wanda ya bi wannan hanya shekara ashirin da suka wuce, lokacin da ƙofar take a garƙame.

An haifi Akim Aliu a Okene ranar 24 ga Afrilun 1989, lokacin garin yana cikin jihar Kwara, kafin a ƙirƙiro Kogi a 1991. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Yukren. A birnin Kiev ya yi ƙuruciyarsa, kuma yana da kimanin shekara 7 iyayensa suka yi ƙaura zuwa Toronto, ba ya jin Turanci, gidansu kuma babu wadata. Da takalman sulɓi na gwanjo ya fara taka ƙanƙara, a makare idan aka kwatanta da yaran Kanada da ake koya wa tun suna shekara uku ko huɗu.

Wasan kansa ba shi da wuyar fahimta. Mutum shida ne a kowane ɓangare: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Suna sulɓi a kan daskararren fili da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda mai lanƙwasa. Bangaje abokin hamayya halal ne a dokar wasan, dambe ma ana hukunta shi ne da 'yan mintuna a benci a wasu gasannin Arewacin Amurka. Saboda haka ɗan gaba dogo, ƙaƙƙarfa, mai gudu, wanda kuma ya iya jefa faifai a raga, kadara ce mai tsada. Aliu yana da duk waɗannan. A 2005 ƙungiyar Windsor Spitfires ta ɗauke shi a matsayi na shida a zaɓen 'yan wasa na gasar matasa ta lardin Ontario, wato OHL.

A nan ya kamata a tsaya a dubi tsarin, domin shi ne ƙashin bayan labarin. OHL ɗaya ce daga gasanni uku da ke ƙarƙashin inuwar CHL. Sauran su ne WHL ta yammacin ƙasar da QMJHL ta Kebek da lardunan gaɓar gabas. Ƙungiyoyi kimanin 60 ne, 'yan wasansu kuma daga shekara 16 zuwa 20. Yaro ba ya zaɓar ƙungiya, ƙungiya ce ke zaɓarsa. Idan ta zaɓe shi, zai bar gidan iyayensa ya koma wani gari da wataƙila bai taɓa gani ba, a ajiye shi a hannun wani iyali da ƙungiyar ta samo masa, ya yi makaranta da safe, atisaye da rana, doguwar tafiyar bas a ƙarshen mako. Ana iya musayarsa da wani ɗan wasa a tsakiyar zangon karatu. Ƙungiyoyin kasuwanci suke yi: suna sayar da tikiti, da riguna, da haƙƙin nuna wasa a talabijin. Yaron kuwa ɗan alawus yake samu, tare da alƙawarin kuɗin karatun shekara ɗaya a kan kowace kakar da ya buga. Ba shi da ƙungiyar ƙwadago. Yunƙurin kafa ta a 2012 ya watse tun bai je ko'ina ba.

Abin da ke riƙe yaro cikin wannan hali shi ne burin shiga NHL, babbar gasar ƙwararru ta duniya. Masu farautar 'yan wasa na NHL suna kallon wasa, amma kuma suna tambayar koci da manaja: yaron nan yana jin magana? Kalma ɗaya daga bakin waɗannan mutane tana iya ɗaga darajarsa ko ta zubar da ita.

A watan Satumban 2005, a cikin bas ɗin Windsor, manyan 'yan wasa suka umarci sababbin shiga su tuɓe tsirara a cusa su cikin ɗan matsattsen banɗakin motar. Tsohuwar al'ada ce ta wulaƙanta sabon zuwa, wadda ake fakewa da cewa haɗa kan ƙungiya take yi. Aliu ya ƙi. Ba a daɗe ba, a wurin atisaye, Steve Downie, tauraron ƙungiyar wanda Philadelphia Flyers ta riga ta zaɓa a zagayen farko a wannan shekara, ya doke shi da sanda a baki, haƙora suka zube. Aliu ya je aka duba shi, ya dawo fili, suka dambace, kuma kyamara ta ɗauka. Da magana ta fito fili, hukumar gasar ta ci tarar ƙungiyar dala 35,000, ta dakatar da Moe Mantha, wanda shi ne koci kuma manaja, daga horarwa na wasa 40. Aka raba yaran biyu: Downie ya koma Peterborough, Aliu ya koma Sudbury.

A takarda, an yi hukunci. Abin da ya biyo baya ne ke nuna inda ƙarfi yake. Watanni kaɗan bayan haka Downie yana cikin tawagar matasan Kanada da ta ci zinare a gasar duniya ta 2006, ya sake ci a 2007, ya kuma buga ɗaruruwan wasanni a NHL. Aliu kuwa ya fito da tambarin yaro mai taurin kai wanda ya tona asirin ɗaki. A zaɓen NHL na 2007 da yawa sun yi masa hasashen zagayen farko, amma sai a zagaye na biyu Chicago Blackhawks ta ɗauke shi, a matsayi na 56.

Adalci ya sa a faɗi wani abu a nan. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa da ba a yi rikicin Windsor ba da Aliu ya zama tauraro. Mafi yawan waɗanda ake zaɓa a zagaye na biyu ba sa samun gindin zama a NHL, shi kuma ɗan wasa ne mai zafi, mai yawan shan hukunci a fili. Sai dai tambayar da ta fi dacewa ita ce wa ake yi wa uzuri. Downie ma mai zafi ne, har NHL ta dakatar da shi wasa 20 a 2007 saboda wani mummunan bangaza, amma zafinsa ya ci gaba da samun kasuwa. Zafin Aliu ya zama hujjar da ake kafawa a kansa duk inda ya je. A ganina ba a iya raba wannan bambanci da abubuwa biyu: launin fatarsa, da kuma laifin da tsarin ba ya yafewa, wato ƙin yin shiru.

Matakin ƙwararru bai zo masa da sauƙi ba. Ƙarƙashin NHL akwai gasar AHL, ƙarƙashinta kuma akwai ECHL, kuma ƙungiyar da ta mallaki ɗan wasa tana hawa da sauka da shi yadda ta ga dama. A kakar 2009 zuwa 2010 Aliu yana Rockford, reshen Chicago a AHL, ƙarƙashin koci Bill Peters. Kamar yadda ya bayyana daga baya, wata rana Peters ya shigo ɗakin sauya kaya ya yi ta maimaita kalmar nan ta cin zarafin baƙar fata, saboda kiɗan da Aliu ya kunna. Bayan dangantaka ta yi tsami tsakaninsu, aka tura shi ƙasa zuwa Toledo a ECHL. A 2010 Chicago ta haɗa shi cikin wata musaya zuwa Atlanta, ƙungiyar da ta koma Winnipeg a shekarar da ta biyo, daga nan aka miƙa shi Calgary Flames a farkon 2012. A watan Afrilun wannan shekara ya buga wasanni biyu na farko a NHL, ya ci biyu, ya taimaka aka ci ɗaya. A kaka ta gaba aka ba shi wasa biyar. Shi ke nan: wasa bakwai. Sauran shekarunsa ya yi su ne yana yawo tsakanin ƙananan gasannin Amurka da ƙungiyoyin Suwidin, Rasha da Sulobakiya.

Shekara goma ya riƙe maganar Rockford a cikinsa. A ƙarshen Nuwamban 2019, bayan Toronto ta kori koci Mike Babcock kuma aka fara tone-tone kan yadda yake mu'amala da matasa, Aliu ya rubuta abin da ya faru a Twitter. Abokan wasansa biyu na lokacin suka tabbatar. Wani ɗan wasa daga ƙasar Cek, Michal Jordan, ya ce shi ma Peters ya taɓa harbinsa da ƙafa a Carolina. Peters, wanda a lokacin shi ne kocin Calgary, ya amsa cewa ya yi amfani da kalmar ɓatanci, ya ce sau ɗaya ne, ya ajiye aiki ranar 29 ga Nuwamba. A watan Yunin 2020, cikin zanga-zangar kisan George Floyd, Aliu da Evander Kane da wasu 'yan wasa suka kafa ƙungiyar Hockey Diversity Alliance don yaƙar wariya a wasan. Kafin ƙarshen shekarar ta raba gari da NHL, tana zargin hukumar da fifita gyaran suna a kan aiki. Abin lura shi ne Aliu bai iya magana ba sai da ya zama ba shi da sauran abin da za a ƙwace masa. Peters kuwa ya samu aiki a Rasha a 2020, sannan a Agustan 2023 ƙungiyar Lethbridge Hurricanes ta WHL ta ɗauke shi koci, wato aka sake damƙa masa 'yan shekara 16.

Ba Aliu kaɗai ya fito ba. Tun 2014 tsofaffin 'yan wasa suka kai CHL kotu suna neman mafi ƙarancin albashi. A 2020 aka sanar da sulhu na dala miliyan 30 na Kanada, amma kafin nan larduna da dama, har da Ontario, sun gyara dokokinsu na ƙwadago sun cire 'yan wasan daga sahun ma'aikata. A 2020 Daniel Carcillo, wanda ya ci kofin Stanley sau biyu da Chicago, ya jagoranci wata ƙara kan azabtar da sababbin shiga. A 2023 alƙali ya ƙi amincewa a saurare ta a matsayin ƙarar taro, duk da ya yarda cewa shaidun sun nuna cin zarafi mai muni da ya daɗe. Wanda ya san yadda dillalai ke kwasar yaran Afirka da sunan ƙwallon ƙafa a Turai zai gane ƙamshin abin, duk da cewa a Kanada komai a rubuce yake kuma bisa doka: babba yana riƙe da mafarkin yaro, yaro kuma ba shi da inda zai nufa idan ya ce a'a.

Wannan rashin mafita ne sabuwar ƙa'idar NCAA ta taɓa, kuma ba tausayi ne ya kawo ta ba. Wani matashi ɗan Ontario, Rylan Masterson, ya shigar da ƙara a Amurka a Agustan 2024 yana cewa haramcin ya saɓa wa dokar hana kane-kane a kasuwa. A watan Nuwamba hukumar ta sauya matsayi. Ba a jima ba aka ga tasirin. A Yulin 2025 Gavin McKenna, ɗan gaba daga Whitehorse a yankin Yukon, wanda ya kai Medicine Hat Tigers ga cin kofin WHL kuma ake ganin babu kamarsa a tsaransa, ya bar gasar ya koma Jami'ar Penn State yana da shekara 17. Jami'o'in Amurka yanzu suna iya barin ɗan wasa ya samu kuɗi da sunansa, ga kayan horo, ga digiri. A karo na farko, mai ƙungiya a Kanada ya san cewa tauraronsa na iya tafiya, kuma kocin da ya yi ƙaurin suna wajen wulaƙanci zai iya jawo masa asara.

Amma kada a yi saurin guɗa. Jami'o'in da ke buga babban rukunin hoki a Amurka ba su wuce sittin da 'yan kai ba, kuma irin su McKenna suke nema. Yaron da ke layi na huɗu a ƙungiyarsa ba wanda zai aiko masa da goron gayyata. Ƙa'idar ma ta ƙara wa CHL farin jini ta wani ɓangare: yaran da a da suke kauce mata zuwa wasu gasanni don kare damar karatunsu, yanzu ba su da dalilin kaucewa, sai su shigo tun da wuri. Ba ta ba su albashi ba, ba ta ba su ƙungiyar ƙwadago ba, ba ta kuma hana a yi musayarsu ba.

Sannan jami'a ba ta karɓar wanda bai gama sakandare ba. Shekara biyun farko, lokacin da yaro yake sabon zuwa, nesa da iyayensa, shi ne ƙarami a ɗaki, har yanzu suna hannun ƙungiya da kocinta. Daren da Akim Aliu ya ƙi shiga banɗakin bas ɗin Windsor, shekararsa 16 da 'yan watanni.