Kafin A Kira Yaro Daƙiƙi, A Duba Idonsa Da Kunnensa

A duk farkon shekarar karatu, makarantun firamare da ke ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, kamar takwarorinsu na sauran sassan Jihar Katsina, kan buɗe rajistar sababbin ɗalibai 'yan aji ɗaya. Abin da akan tambayi wanda ya kawo yaro bai wuce sunan yaron da na mahaifinsa da shekarunsa da unguwarsu ba. A zamanin da takardar haihuwa ba ta yawaita ba, hedimasta kan sa yaro ya ɗora hannunsa bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen, in ya taɓo, to ya isa shiga makaranta. An daɗe ana taɓa wannan kunne, amma har yau a galibin makarantunmu babu mai tambayar ko kunnen yana ji, ko kuma idon da za a sa ya dubi allo na tsawon shekara shida yana ganin abin da aka rubuta.

Sakamakon wannan sakaci ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli. A kusan kowane aji akwai yaron da ya yi ƙaurin suna wajen rashin ganewa: a kira shi bai waiwayo ba, a ce ya kwafi abin da ke allo ya kwafo shirme, a tambaye shi ya yi zuru. Malami ya ce masa daƙiƙi, 'yan ajinsu su ɗauka, iyaye su ce taurin kai ne, bulala ta biyo baya. Kafin ya kai aji huɗu ya yarda cewa boko ba rabonsa ba ne, sai ya koma kiwo ko talla ko gararamba a tasha. Alhali sau da yawa ƙwaƙwalwar yaron lafiya lau take, matsalar ita ce ba ya jin rabin abin da ake faɗa, ko kuwa daga bencin baya inda aka tura shi, rubutun allo hazo-hazo yake ganinsa.

Alƙaluman duniya sun nuna girman al'amarin. A rahoton da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2021, an ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da wata nakasa a duniya, wato kimanin yaro ɗaya cikin goma. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce yara miliyan 34 ne ke fama da raunin ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana aukuwarta. Idan aka ɗauki wannan ma'auni na ɗaya cikin goma aka auna ajin da ke da yara saba'in ko tamanin, wanda ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na wannan yanki, mai karatu zai iya lissafa wa kansa yawan yaran da malami ɗaya ke tsayawa a gabansu kullum ba tare da ya san halin da suke ciki ba.

Hasali ma dai, akwai dalilan da suka sa ya kamata mu a ƙasar Hausa mu fi kowa damuwa. Muna zaune ne a tsakiyar yankin da sanƙarau ke yi wa dirar mikiya a lokacin zafi. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, kuma ta sake dawowa da ƙarfi a 2017 a jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina. Masana sun tabbatar da cewa kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga wannan ciwo kan rayu da tabonsa, kuma kurumta na kan gaba. Ƙyanda, musamman in ta haɗu da ƙarancin sinadarin bitamin A, tana lalata ido. Shawarar da kan kama jariri a makon farko na haihuwa, in ba a yi maganinta da wuri ba, tana taɓa ji da ƙwaƙwalwa. Haka nan zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, da doguwar naƙuda, da tamowa, da ciwon kunne mai zubar da ruwa wanda iyaye da yawa suka ɗauka wani abu ne da yaro zai girma ya bari. Ga kuma sabon nauyin da matsalar 'yan bindiga ta ɗora wa yaran ƙauyukan yankin, waɗanda wasunsu suka ga abin da ko babba ba zai iya mantawa ba, suka zo aji da firgici da rashin natsuwa.

Abin da ya sa muke nanata kalmar “da wuri” shi ne, lokaci ne ke yanke hukunci a wannan fage. Yaro na koyon harshe ne a shekarunsa na farko, saboda haka wanda aka gano raunin jinsa yana jariri aka taimaka masa, zai iya tasowa kafaɗa da kafaɗa da tsaransa, amma wanda aka gano yana ɗan shekara tara ya riga ya yi asarar da ba ta cika maiduwa ba. Wannan ne ya sa a Amurka aka ɗora ƙa'idar gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Haka lamarin yake ga idon da ya yi rauni tun ƙuruciya: likitoci sun fi samun nasarar gyara shi kafin yaro ya wuce shekara bakwai ko takwas. Bahaushe ya riga ya faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan har ba mu kai matsayin gwada kowane jariri ba, ganin yawancin haihuwa a karkara a gida ake yinta, to ranar shiga aji ɗaya ita ce dama ta gaba, domin ita ce ranar da yaro ke zuwa da ƙafarsa gaban hukuma.

Ba za a ce babu doka ko manufa ba. Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ware babi guda kan ilimin masu buƙata ta musamman, ta yi alƙawarin ƙidayar yara masu nakasa, ta kuma ce za a koya wa duk mai neman zama malami yadda zai gane irin waɗannan yara a aji. A shekarar ce kuma aka kafa kwalejin horar da malaman wannan fanni ta tarayya a garin Oyo. A 1994 ƙasashe 92 suka amince a birnin Salamanka na ƙasar Sifen cewa makarantar unguwa ita ce ta fi dacewa ta karɓi kowane yaro. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane ɗan ƙasa, kuma a rabon kuɗin hukumar UBEC an keɓe kashi 2 cikin 100 domin ilimin masu buƙata ta musamman. Manufar kula da lafiya a makarantu ta 2006 ta tanadi duba lafiyar yaro kafin ya fara karatu. A 2015 an fitar da manufa ta musamman kan wannan ilimi, sannan a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci. Takardu kam sun cika kabad. Abin tambaya shi ne, nawa daga cikin wannan tanadi ya isa ajin da ke Karofi ko Makera, ko Birchi ko Wurma?

Jihar Katsina tana da makarantar kurame a Malumfashi da ta makafi a birnin Katsina, kuma sun cancanci yabo da ƙarin tallafi. Sai dai waɗannan makarantu na karɓar yaran da nakasarsu ta fito fili ne, waɗanda kowa ya gani ya sani. Yaran da muke magana a kansu su ne na tsakiya: mai ji sama-sama, mai gani dishi-dishi, mai i'ina, mai farfaɗiyar da kan ɗauke masa hankali na 'yan daƙiƙoƙi har malami ya zaci shagala ce, mai kaifin basira a baki amma haruffa na harɗe masa a takarda, da mai lalurar galahanga da ba ya iya cuɗanya da yara. Waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansu ba sa buƙatar a raba su da iyayensu a kai su makarantar kwana. Abin da suke buƙata shi ne a gane su, a kuma yi musu ɗan gyara a inda suke.

A ra'ayinmu, babu inda ya fi dacewa a fara wannan aiki kamar Dutsin-Ma. Garin na da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda ke ɗauke da sunan Wazirin Katsina, ministan ilimi na tsohuwar Jihar Arewa, kuma daga cikinta malaman firamare masu yawa na jihar ke fitowa. Yana kuma da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, mai tsangayar ilimi. Kowace shekara ɗaliban waɗannan makarantu biyu kan bazu a makarantun yankin domin gwajin koyarwa. Me zai hana a koya wa kowannensu gwajin ido da na kunne kafin ya fita, a kuma sa rahoton gwajin ya zama cikin abin da za a ba shi maki a kai? Gwajin ido na farko ba ya buƙatar fiye da kwali mai alamomi da igiyar auna mita shida da wuri mai haske. Na kunne kuwa, malami ya tsaya bayan yaro, a toshe kunne ɗaya, ya raɗa kalmomi yaro ya maimaita. Wannan ba aikin likita ba ne, kuma ba ya maye gurbin likita, tacewa ce ta farko domin a san wanda za a tura asibiti.

Muna kuma da darasi daga yaƙin da aka yi da cutar shan inna, wanda ya kai ga ayyana Nijeriya a matsayin wadda ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. An yi nasarar ce saboda an bi gida-gida, an sa hakimai da dagatai da masu unguwanni a gaba, an kuma kafa tsarin da duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya sai labarinsa ya kai hukuma. Wannan tsari bai rushe ba. Idan Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi suka umarci masu unguwanni da limamai su faɗakar da iyaye, aka ƙara wa ma'aikatan rigakafi da ungozomomi 'yan tambayoyi kaɗan, kamar ko jariri na razana da ƙara, ko ɗan shekara biyu ya fara haɗa kalmomi, za a gano yara da yawa tun kafin su kai shekarun makaranta. Kada kuma a manta da malaman allo da na Islamiyya, domin su ne kan fara zama da yaro, kuma mai biya wa yaro karatu baki da baki ya fi kowa saurin lura da wanda ba ya ji sosai.

Akwai masu cewa makarantar da ba ta da isassun kujeru da malamai, wani lokaci ma ba ta da rufi, ina ta ga wannan? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma a duba lissafin da kyau. Gwamnati na biyan albashin malami, ta gina aji, ta sayi littafi, sannan yaro ya zauna shekara shida bai ji ba, bai gani ba. Wace asara ce ta fi wannan? Maido da yaro bencin gaba ba ya cin ko kwabo. Malami ya riƙa fuskantar ɗalibai in yana magana, ya ƙara girman rubutunsa, ya ba mai jinkiri ƙarin lokaci, duk kyauta ne. Tabarau ɗaya ko maganin ciwon kunne na mako guda na iya sauya rayuwar yaro baki ɗaya.

Sai dai wajibi ne mu yi gargaɗi kan abu biyu. Na farko, gano matsala ba tare da hanyar magance ta ba yaudarar iyaye ne. Dole a tsara tun farko cewa yaron da aka tace za a tura shi babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, wanda lamarinsa ya fi ƙarfin nan a wuce da shi Katsina, ko cibiyoyin ido da na kunne na ƙasa da ke Kaduna, kuma a san wanda zai ɗauki nauyin tabarau da na'urar ƙara ji ga marasa hali. Na biyu, kada gwajin ya zama hanyar liƙa wa yaro sabon suna ko korarsa daga makaranta. Iyaye da dama na ɓoye lalurar 'ya'yansu ne saboda tsoron gori, musamman in 'ya mace ce da ake tunanin aurenta, wasu kuma su danganta abin ga iska ko sammu har lokaci ya ƙure. Saboda haka sakamakon gwaji sirri ne tsakanin iyaye da malami da ma'aikacin lafiya, ba abin shela a taron safe ba.

Don haka muna kira ga gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa da Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta jiha da su mayar da gwajin ido da kunne wani sashe na rajistar aji ɗaya, su fara da Dutsin-Ma da Kurfi a matsayin zakaran gwajin dafi, su kuma bayyana wa jama'a yadda ake kashe kason da ke zuwa domin masu buƙata ta musamman. Muna kira ga shugabannin kwalejin da na jami'ar da su ɗauki makarantun da ke kewaye da su tamkar ɗakin gwajinsu, su tattara sahihan alƙaluma da za a yi aiki da su. Sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin biyu su tabbatar kowace makaranta na da malami aƙalla ɗaya da aka horar, da littafin da ake bin sawun kowane yaro da aka tura asibiti. 'Yan bokon yankin kuwa, likitoci da malaman jami'a da manyan ma'aikata da ke Abuja da Kaduna da Kano, su tuna cewa kuɗin da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kan kashe a walimar shekara guda zai iya saya wa yaran makarantarsu ta dā tabarau masu yawa. Yaron da aka yi wa hukuncin daƙiƙanci ba tare da bincike ba an zalunce shi, kuma alhakinsa na wuyan duk wanda ke da ikon dubawa ya kau da kai.