A Ƙirga Mana Waɗanda Suka Rayu

Ga damina ta sake kamawa, ga kuma shekarar 2030 tana ƙaratowa, wadda ita ce wa'adin da shugabannin Afirka suka ɗibar wa kansu na farfaɗo da hekta miliyan 100 ta ƙasar da ta mutu tun daga Senegal har Jibuti, amma har yau ba mu ji wani mahukunci a Nijeriya ya miƙe ya shaida wa jama'a, da hujja bayyananniya, yawan itatuwan da ke tsaye da ransu a wannan babbar ganuwa ta itatuwa da aka daɗe ana yi mana albishir da ita ba. Abin da muka saba gani shi ne biki. A kafa rumfa, a kawo tsiro cikin baƙar leda, a miƙa wa babban baƙo sabon shebur ya tura ƙasa sau biyu, a yi tafi a watse, kafin kaka awaki sun gama da abin da ƙishirwa ta rage.

Masu karatu ba su manta da hayaniyar 2023 ba, lokacin da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya titsiye hukumar da ke kula da ganuwar a kan naira biliyan 81 da aka ce an kashe wajen dasa itatuwa miliyan 21 a jihohi 11. An yi ta jayayya a kan kuɗin, ƙura ta lafa, alhali kuwa tambayar da ta fi kuɗin nauyi tana nan ba amsa: a cikin miliyan 21 ɗin, nawa ne suka kai shekara uku? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya riga ya nuna cewa hekta miliyan 4 kacal aka gyara a yankin ganuwar baki ɗaya, wato kashi 4 cikin 100 bayan shekara 13 da fara aikin.

Za a ce mana akwai rashin tsaro a Zamfara da Borno, kuma dala biliyan 14 da aka yi alkawari a taron Faris na 2021 ba ta iso hannu yadda aka zata ba, mu kuwa ba mu musa ba, domin mun san halin manyan ƙasashe masu cika sararin sama da hayaƙi su bar Afirka da fari da ambaliya. Sai dai ƙirga itace ba ya jiran sulhu da 'yan bindiga, ba ya jiran sadakar Turawa. A shekarar 2020 masu bincike suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da kwamfuta suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8, ɗaya bayan ɗaya, a Sahara da Sahel na Afirka ta Yamma. Nijeriya tana da hukumar sararin samaniya, tana da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, tana da malamai a Samaru da Maiduguri waɗanda suka tsufa a wannan fanni. A ba su aikin, a ƙirga mana.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne cewa ilimin da ake nema yana nan a ƙofar gida, a hannun 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Bayan farin 1984, manoman can suka daina tumɓuke kututturan da ke tofowa a gonakinsu idan sun zo sassabe, sai mutum ya duƙa ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran ya kai gida makamashi, ya riƙa gyara waɗanda ya bari har su zama itace, da yake saiwarsu tsohuwa ce ta riga ta kai ga laima, ba ta bukatar tankar ruwa ko ɗan kwangila. Gawo kuwa, da hikimar Ubangiji, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya kuma tofo da rani ya ciyar da dabbobi da 'ya'yansa. Da masana suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, sai suka tarar an raya wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya. Talakawa ne suka yi, da gatari da adda, kuma abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne sassauta dokar da aka gada daga Faransa, wadda ta mai da itacen gonar mutum mallakar gwamnati, har manomi ya riƙa ganinsa a matsayin sababin tara daga malamin daji.

To, wace maslaha ce ta sa mu muke ɗora wa kanmu hanya mai tsada, mai yawan mutuwa, muka bar mai araha wadda bincike ya tabbatar? Ba ma son munana zato, amma mun lura cewa sayen tsiro da wayar shinge da haƙa rijiya kwangila ce, barin kututture ya tofo kuwa ba ya samar wa kowa kamasho. Kuma ba yau aka fara ba. Asusun kula da muhalli tun 1981 ake zuba masa kuɗi, kuma shi ne wanda kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, a 2018 bisa karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya daga cikinsa, kafin a yi masa afuwa a 2022. Wanda ya ga haka ba zai karɓi adadi a baki ba tare da shaida ba.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya da kada ta amince da ko sisin kwabo na sabon dashe a kasafin baɗi sai an gabatar mata da hisabin dashen baya, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, daga Kebbi zuwa Borno, wanda malaman jami'a masu zaman kansu suka auna suka sa hannu, aka kuma karanta shi a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci domin dagatai da manoma su gaskata ko su ƙaryata. Gwamnonin jihohin nan 11 su ma su rubuta a doka cewa itacen da manomi ya raya a gonarsa nasa ne, da shi da magadansa. Bana, duk gwamnan da zai riƙe shebur a gaban 'yan jarida, ya fara faɗa musu nawa ne suka rayu daga dashen bara.