Sigarin lantarki a Paraku da Zugu: ya fi taba sauƙi, amma ga wa?

A majalisun shayi na Zangon Paraku da na Zugu, an saba ganin kwalin sigari da tukunyar shisha. Yanzu an samu na uku: ɗan ƙaramin abu mai batir, mai ƙamshin mangwaro ko na'a-na'a, wanda samari ke kira puff ko vape. Abin da ya shiga kasuwar Zugu kuwa ba ya daɗewa bai isa Partago da sauran garuruwan da ke kewaye ba.

Hujjar maza masu shan sa kusan ɗaya ce. Ba ya barin wari a riga, don haka ba mai ganewa a gida ko a sahun masallaci. Ba wuta, ba toka. Babbar hujjar kuma ita ce: ai ya fi taba sauƙi.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Yawancin gubar sigari daga ƙonewar ganyen taba take fitowa. Shi kuwa sigarin lantarki ruwa yake dumamawa ya zama tururi. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta cewa illarsa ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100, ko da yake masana da dama sun soki yadda aka yi lissafin. Saboda haka magidancin da ya shekara ashirin yana busa sigari, in ya bar ta gaba ɗaya ya koma wannan, ana iya cewa ya rage wa kansa haɗari.

Sai dai akwai sharuɗɗa biyu da ake mantawa da su. Na farko, sai an bar sigarin kwata-kwata. Wanda ke zuƙar puff a gaban iyali, ya fita waje ya kunna kara, bai rage komai ba. Na biyu, lissafin Ingila an yi shi ne a ƙasar da ake sa ido kan kayan, inda doka ta hana sinadarin nikotin ya wuce miligram 20 a kowane mililita. Mai saye a tebur ko ta WhatsApp ba shi da hanyar sanin abin da aka ɗura a ciki. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, mutum 68 suka mutu, sama da 2,800 aka kwantar a asibiti da ciwon huhu, kuma bincike ya danganta akasarin lamarin da ruwan tabar wiwi na bayan fage da aka gauraya da wani mai. Ita kanta Birtaniya ta hana sayar da irin na zuƙa-ka-yar daga ranar 1 ga Yunin 2025, saboda yara da kuma shara.

Malesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, ta riga ta bi wannan hanya. A 2015 majalisar fatawa ta ƙasar ta ce shan sa haramun ne, amma kasuwa ba ta tsaya ba. Binciken ƙasa ya nuna masu shan sa cikin manya sun tashi daga kashi 0.8 a 2011 zuwa 5.8 a 2023, akasarinsu maza, kuma da yawa suna haɗa shi da sigari. Sai a Oktoban 2024 dokar da ta tsara sayar da shi ta fara aiki, bayan al'adar ta riga ta kafu.

Jamhuriyar Benin tana da dokar taba da dangoginta tun Disamban 2017, wadda ta hana sha a wuraren jama'a da sayar wa ƙananan yara. A 2021 kuma hukumomin jihohi da dama sun hana shisha a bainar jama'a. Amma tukunyar shisha ana ganin ta daga nesa, puff kuwa a aljihun ɗan makaranta yake kwana. Abin da ya sa magidanci ke son sa, wato rashin wari, shi ne zai hana uba gane cewa ɗansa ya fara. Nikotin ɗin da ke ciki kuwa shi ne dai mai kama mutum a sigari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a Disamban 2023 cewa ana jawo yara da ɗanɗano da tallan intanet.

Ga tsohon mashayi, tambayar ita ce ko zai iya barin sigarin gaba ɗaya, kuma ma'aikacin lafiya ne ya fi dacewa ya ba shi shawara. Ga saurayin da bai taɓa kunna kara ba, kwatancen da sigari bai shafe shi ba, domin huhunsa lafiya lau yake. Iyaye, limamai da sarakunan Zango, waɗanda suka yi magana a kan shisha, suna da damar fara wannan bayani tun abin bai kai ƙauye ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.