Ina kwafi na biyu na rajistar lakwal ɗinku yake kwana?

Ambaliyar 2024 ta sa an ɗage komawa lakwal a Nijar daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. A Maraɗi an yi ta maganar azuzuwan da suka rushe. Ban ji mai tambayar rajistar ƴan makaranta da makinsu ba, alhali aji ana sake gina shi, makin shekara uku kuwa in ya jiƙe ya tafi.

Daraktoci da yawa za su ce suna da kwafi. A ina? A kile USB, cikin durowar teburin da kwamfutar take kai. Ruwa ɗaya zai cinye su tare.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan. A Maris 2021 gobara ta cinye ginin sabobin OVH a Strasbourg, Faransa. Waɗanda kwafinsu ke cikin ginin suka rasa duka biyun. Shi ya sa masu rubuta manhaja ke da babbar saba a gari guda, ta biyu a wani garin tana kwafe duk canjin da aka yi.

Mu ba sai mun sayi saba ba. Lakwal ta Maraɗi ta ajiye kwafinta a Tibiri ko Jiratawa, amma kan tudu, don Gulbin da ya tashi tsohon Maraɗi a 1945 ya ratsa can ma. A sabunta shi kowane ƙarshen zango, a bar tsohon da kwanan watansa, saboda kwafi har kuskure yake ɗauka.

Iyaye, a taron lakwal na gaba ku nemi a buɗe kwafin a gabanku.