Amurka: Kafin 'yan Republican su fara zaɓen gwanayensu na 2028

Kundin tsarin mulkin Amurka, bisa gyara na 22 da aka amince da shi a 1951, ya hana a zaɓi mutum shugaban ƙasa fiye da sau biyu. Shugaba Donald Trump ya ci zaɓe a 2016, ya sake ci a 2024. Ke nan jam'iyyarsa ta Republican, mai ra'ayin mazan jiya, za ta nemi sabon ɗan takara a 2028, kuma tuni ake ambaton Mataimakin Shugaban Ƙasa JD Vance da Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio.

Nan gaba kaɗan gwamnoni da attajirai da malaman coci da jaridu za su fara fitowa kowa na nuna gwaninsa. Mu dai a wannan jarida muna ganin duk wanda ke son fahimtar yadda za ta kaya, ya fara duba dokokin rabon daliget da yawan masu takara kafin ya duba wanda manya suka ɗaga wa hannu. Abin da ya faru a 2016 ya isa hujja.

A waccan shekarar mutum 17 ne suka fito neman tutar jam'iyyar. Jeb Bush, tsohon gwamnan Florida, ɗan shugaban ƙasa kuma ƙanin shugaban ƙasa, shi ne gwanin masu kuɗi, har ƙungiyar da ke mara masa baya ta tara sama da dala miliyan 100. Masu kishin addinin Kirista da dama sun karkata ga Sanata Ted Cruz na Texas. Wasu sanatoci da gwamnoni sun zaɓi Rubio, wasu kuma Gwamna John Kasich na Ohio. Fitacciyar jaridar jihar New Hampshire, Union Leader, ta tsayar da Chris Christie, wanda ya ƙare na shida a jihar. Mujallar National Review kuwa, wadda 'yan mazan jiya ke girmamawa, ta sadaukar da bugu guda a Janairun 2016 don sukar Trump.

Akasarin waɗannan mutane sun haɗu a kan abu guda, wato ba sa son Trump. Amma sun kasa haɗuwa a kan wanda suke so.

Sai aka je zaɓen fidda gwani na jihar Carolina ta Kudu a ranar 20 ga Fabrairu. Trump ya samu kusan kashi 32 cikin 100 na ƙuri'u. Rubio da Cruz kowannensu ya samu kusan kashi 22, sauran kuma Bush da Kasich da Ben Carson suka raba. Mutum biyu cikin uku ba su zaɓi Trump ba, amma shi ya kwashe daliget 50 ɗin jihar kakaf, domin dokar jihar ta ba wanda ya zo na ɗaya komai, a matakin jiha da na mazaɓu. A daren ne Bush ya janye. Ranar 15 ga Maris aka maimaita a Florida: Trump bai kai rabin ƙuri'u ba, amma ya tafi da daliget 99, Rubio kuma ya ajiye takara a jiharsa ta haihuwa.

Babu jihar da Trump ya haura kashi 50 sai da aka je New York a ranar 19 ga Afrilu. Kafin nan ya riga ya yi nisa a hanyar haɗa daliget 1,237 da ake buƙata.

Ko lokacin da manyan jam'iyyar suka farga, ba su iya tsayar da magana ɗaya ba. Mitt Romney, wanda ya yi wa jam'iyyar takara a 2012, ya yi jawabi mai zafi a farkon Maris yana caccakar Trump, amma bai tsayar da mutum guda ba. Sai ya ce a zaɓi Rubio a Florida, Kasich a Ohio, sauran wurare kuma a duba wanda zai iya. A ƙarshen Afrilu Cruz da Kasich suka ƙulla yarjejeniyar bar wa juna jihohi, amma ihu ne bayan hari. Trump ya cinye Indiana a ranar 3 ga Mayu, su biyun suka janye cikin kwana biyu.

Ba muna cewa lissafi kaɗai ne ya ba Trump nasara ba. Zaɓen 2024 ya nuna cewa mutanen jam'iyyar nasa ne da gaske. Gwamnar Iowa, Kim Reynolds, ta tsaya wa Ron DeSantis, haka ma Bob Vander Plaats, jigon Kiristocin jihar. DeSantis ya zagaye gundumomin jihar 99 ɗaya bayan ɗaya, amma bai ci ko guda ba. Trump ya samu kashi 51, ya lashe gundumomi 98, Nikki Haley ta ci ragowar ɗayar da tazarar ƙuri'a ɗaya tak. Ita ma Haley, duk da goyon bayan Gwamna Chris Sununu na New Hampshire da ƙungiyar siyasar attajiri Charles Koch, jihar Vermont da birnin Washington kawai ta ci kafin ta janye a watan Maris.

To amma ko a nan, mutanen Trump ba su yi sakaci da dokoki ba. A 2023 reshen jam'iyyar na Kalifoniya ya sauya tsari, ya ce duk wanda ya haura rabin ƙuri'u a jihar ya ɗauki daliget 169 baki ɗaya, abin da kowa ya san wa zai amfana. Sun koyi darasin da abokan hamayyarsu suka ƙi koya.

Wannan ne ya sa muke ganin ya kamata uwar jam'iyyar ta sake duba tsarin wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka. Jam'iyyar Democrat tana raba daliget ne daidai da ƙuri'un da kowa ya samu, muddin ya kai kashi 15. Tsarin nata yana jan lokaci, kuma yana da nasa ciwon kan, kamar yadda aka gani tsakanin Barack Obama da Hillary Clinton a 2008, inda aka kai watan Yuni ana fafatawa. Sai dai yana da wuya mutum mai kashi ɗaya bisa uku ya tsere da tuta kafin a ankara. Masu kare tsarin Republican na cewa yana kawo ƙarshen rigima da wuri, jam'iyya ta fuskanci babban zaɓe a dunƙule. Gaskiya ne. Amma saurin da zai sa ra'ayin mafi yawan masu zaɓe ya tashi a banza, bai cancanci a yi alfahari da shi ba.

Akwai kuma sabon haɗari a 2028. A da, taron manya ne ke nuna gwani, kamar yadda suka yi wa Bob Dole a 1996 da George W. Bush a 2000. Yanzu bakin mutum ɗaya ake jira. Idan Trump ya ɗaga hannun wani tun kafin a kaɗa ƙuri'a, da wuya a samu wanda zai yi ƙarfin halin tsayawa, kuma zaɓen fidda gwanin zai koma bikin naɗi.

Mai karatu zai iya tambayar ina ruwanmu. Wanda ya fito daga wannan zaɓe yana iya zama shugaban Amurka, kuma mun ga tasirin hakan a gida: gwamnatin Trump ce ta taƙaita ba 'yan Najeriya bizar zama a 2020, ita ce kuma ta rushe hukumar agaji ta USAID a 2025. Sannan Najeriya, wadda ta ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, ta daɗe tana muhawara kan zaɓen 'yar tinƙe da na daliget, har marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a gyaran dokar zaɓe a Disambar 2021 saboda ta tilasta 'yar tinƙe. Masu ganin cewa miƙa zaɓe ga talakawan jam'iyya zai warware komai, su dubi Carolina ta Kudu. Talakawa ne suka kaɗa ƙuri'a a can, amma dokar ƙidaya ce ta yanke hukunci.

Rassan jam'iyyar Republican na jihohi kan kammala dokokin rabon daliget ne a shekarar da ke gaban ta zaɓe, galibi a tarukan da 'yan jarida ba su cika damuwa da su ba. Don haka tarukan 2027 ne ya kamata masu gwanaye, da mu masu kallo daga nesa, mu zuba wa ido.